Gadar da jirgi ya bari, a bai wa mai tafiya ƙasa

Duk wanda ya shiga mota daga Dogon Dutsi zuwa Yamai a shekarun da suka biyo bayan 2016 ya san abin da ido ke gani da zarar an wuce Dosso. Ƙarafan dogo ne guda biyu shimfiɗe a gefen kwalta, suna tafe tare da mota, wani wuri su matso kusa, wani wuri su ja baya cikin sabara, har a shiga babban birni. Awaki sun kwanta a kansu, rairayi ya binne wasu, ruwan damina ya ƙwaƙule ƙasar da ke ƙarƙashin wasu, kuma direbobi sun daɗe da daina nuna wa baƙo su. A bakin kwaltar kuwa, inda manyan motoci ke sheƙa gudu, ga mata da kaya a ka, ga ƴan lakwal bisa kekuna, ga mai amalanken jaki yana raɓe-raɓe, ƙafa ɗaya kan kwalta ɗaya cikin rami. An yi hanya an ba abin da ba ya wucewa, masu wucewa kullum kuma ba a yi musu tasu ba.

Wannan ne ya sa ya dace a yi magana a kan wata dabara da wasu ƙasashe suka daɗe suna aiki da ita, wato mayar da tsohuwar gadar jirgin ƙasa maƙetarar masu tafiya ƙasa da masu keke. Mai karatu na Matankari ko na Geceme yana iya cewa: mene ne haɗin Arewa da gadar jirgi, ƙasar da ba ta taɓa jin kukansa ba? Tambayar tana bisa hanya. Babu dogo ko taku ɗaya a gundumar Dogon Dutsi, babu shi kuma a ta Tibiri, wadda aka cire daga jikinta a 2011. Amma Arewa tana cikin jihar Dosso, a jihar Dosso kuma dogon ya tsaya. In an tashi yanke shawara kan abin da za a yi da shi, mutanen Arewa suna da ta cewa, don suna da ruwan da ke raba su da gona da kasuwa da likita kowace damina.

Jirgin ƙasa ya daɗe yana yi wa Nijar alkawari. A zamanin Turawa an ɗauko dogo daga Kwatano, ya iso Paraku a 1936 bayan kilomita 438, nan ya tsaya. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta fi saurin samun jirgi a Kano, inda dogo ya iso tun 1911. A 1958 aka buɗe gada bisa kogin Kwara tsakanin Gaya da Malambil, a 1959 kuma Nijar da Dahomai suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta jirgin ƙasa da sufuri, wadda daga baya aka sani da OCBN. Ke nan shekaru fiye da hamsin ƙasar nan tana da rabo a cikin hukumar jirgi alhali ba ta da ko mita ɗaya ta dogo a cikin iyakarta. Kaya sukan zo da jirgi har Paraku, daga nan a loda wa motoci.

A watan Afirilu na 2014 aka buɗe tashar jirgi ta Yamai, kamfanin Bolloré ya soma shimfiɗa dogo ya nufi Dosso. Ranar 29 ga Janairu 2016 shugaban ƙasa na lokacin, Issoufou Mahamadou, ya ƙaddamar da layin, mai tsawon kilomita 140 da ƴan kai. Niyyar ita ce ya zama yanki ɗaya na babban zobe da zai haɗa Kwatano da Yamai da Wagadugu da Abijan. Sai shari'a ta shiga tsakanin Bolloré da kamfanin Petrolin na ɗan kasuwar Benin Samuel Dossou a kan wanda ke da izinin aikin, kotunan Benin suka ba Petrolin gaskiya a 2015, kotun ƙoli ta can ta tabbatar a 2017. Yankin da ke tsakanin Paraku da Dosso bai samu an gina shi ba. Dogon da bai kai teku ba kuwa guga ne marar igiya, shi ya sa bayan biki ba a ga jirgin kaya ko na fasinja yana jigila a kansa ba.

Ba a nan ne za a raba laifi ba, wannan aikin alƙalai ne da masu tarihi. Abin lura shi ne duk inda dogo ya gamu da ruwa dole a yi masa maƙetara, ko gada ko magudana, kuma dole a tayar masa da tudu ya fi ƙasar da ke kewaye. Layin Yamai zuwa Dosso ya ratsa Dallol Boso da ƙoramu da dama. Tudun nan da maƙetaran nan dukiya ce da aka riga aka kashe wa kuɗi.

Mutuwar layin jirgi ba baƙon abu ba ne, har a ƙasar Hausa. Ƙaramin dogon da aka yi daga Zariya zuwa ƙasar Jos don jigilar kuza, wanda ya kai Bukuru a 1914, an rufe shi a 1957, kawunan jirginsa suna ajiye a gidan tarihi na Jos ana kallo. A Amurka da Turai kuwa dubban kilomitoci ne suka mutu tun da mota ta ƙwace wa jirgi kaya, kuma can ne aka fi nisa da neman abin da za a yi da gawar.

A jihar New York akwai gadar jirgi bisa kogin Hudson a garin Poughkeepsie. An gama ta a 1889, tsawonta ya ɗara kilomita 2, tsayinta daga ruwa kusan mita 65. A 1974 gobara ta ci wani sashenta, jirgi ya daina bi. Shekaru talatin da biyar tana tsaye tana tsatsa, ana ta muhawara ko a rushe ta. Mutanen gari ne suka kafa ƙungiya suka dage, har aka shimfiɗa mata daɓen kankare aka kafa mata makarai, aka buɗe ta ga masu ƙafa da masu keke a watan Oktoba na 2009, bayan an kashe dalar Amurka kusan miliyan 39. A Paris ta Faransa, dogon da ke bisa ginshiƙai wanda jirgin Vincennes ya daina bi a 1969 ya koma hanyar tafiya ƙasa mai itatuwa a 1993.

Amma labarin da ya fi koyarwa shi ne na gadar Big Four, bisa kogin Ohio, tsakanin Louisville da Jeffersonville. An gina ta a 1895. Da jirgi ya bar ta a ƙarshen shekarun 1960, sai aka kwance hawanta na kowane gefe aka sayar da ƙarfen, aka bar tsakiyar tsaye cikin sarari, ba ta taɓa ƙasa ta ko'ina, har mutane suka riƙa kiran ta gadar da ba ta zuwa ko'ina. Da aka tashi gyara ta, mutanen Louisville suka gama nasu hawan suka buɗe a Fabrairu 2013, na ɗaya gefen ba su gama ba sai Mayu 2014. Fiye da shekara guda ke nan mutum ya hau, ya ratsa kogi duka, ya tarar da shinge, ya juyo. Wanda ya sayar da ƙarfen hawan ya sami ƴan kuɗi a ranar, jikokinsa suka biya ninkin-ba-ninki don su mayar da shi. Duk hukumar da ke da ƙarfe kwance a daji ya kamata ta ji wannan labari kafin ta kira mai saye.

Sai dai akwai bambanci babba, kuma wanda ya manta da shi zai kwaikwayi abin da bai fahimta ba. Ba'amurken da ke hawa gadar Hudson ya bar motarsa a ƙasa, ya hau ne don shan iska da motsa jini. In an rufe gadar gobe, ba abin da zai rasa sai nishaɗi. A Nijar ƙafa ita ce motar yawancin jama'a, keke da amalanke su ne manyan abin hawa na ƙauye. Abin da yake ado a can, larura ne a nan. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya asara in an gwada da yawan jama'a. Wanda ya taɓa tsayawa a tsakiyar ƙaramar gadar mota, bayansa ruwa, gabansa tanka tana tahowa ba ta rage gudu ba, ba ya bukatar a fassara masa wannan lissafi. Saboda haka in za a yi irin wannan aiki a nan, ba kujerun hutawa da tukwanen furanni za a fara saya ba. Faɗin da amalanke zai wuce za a fara aunawa.

Me ya sa gadar jirgi ta dace da wannan aiki fiye da a ce a gina sabuwa? Na farko ƙarfinta. An lissafa ta ne don ta ɗauki tarago cike da kaya, wanda yakan kai tan 40 ko fiye, a jere bayan kan jirgin da ya fi shi nauyi. Gadar masu ƙafa kuwa injiniyoyi sukan lissafa mata kamar kilo 500 a kowace murabba'in mita, wato in mutane sun cika ta maƙil, amalanken shanu da lodinsa kuma bai cika wuce tan ɗaya ba. Gadar da ta tsufa ga jirgi tana iya zama yarinya ga jaki. Sannan jirgi ba ya son hawa mai tsanani, da wuya a ba shi tudun da ya wuce mita ɗaya ko biyu a cikin ɗari, don haka hanyar da ke kaiwa ga gadarsa a miƙe take, a kwance. Wannan shi ne abin da mai keke da buhun gero a baya yake so, da mai tura kura, da gurgu a kekensa na hannu, da tsohuwa mai sanda. Kuma abin da ya fi cin kuɗi a kowace gada, wato ginshiƙai da tushensu, an riga an biya shi.

Abin da ya rage ba shi da yawa, amma ba a yin sa da ka. Tsakanin matasan da ƙarfen dogo ke kwance a kansu akwai gibi, ƙafar yaro ko kofaton jaki yana faɗawa, dole a rufe da daɓe. Gadar jirgi ba ta da makari a gefe, don jirgi ba ya zamewa, dole a kafa shi, ya ɗara mita ɗaya saboda masu ƙafa, ya kai kamar santimita 140 saboda mai keke da ke zaune sama. A bakinta kuma a kafa turakun da za su bar amalanke ya shiga su hana mota, domin in ba haka ba, ranar da ruwa ya yanke kwalta direban farko da ya gaji da jira zai hau ta. Kafin duka wannan sai injiniya ya sauka ƙarƙashi ya duba tsatsa da tsagewa, ya haƙa gindin ginshiƙi ya ga ko ruwa ya cinye ƙasar da ke riƙe da shi. A ƙasa mai rairayi, gada ba ta cika karyewa daga sama ba, daga gindi ruwa ke cin ta. Ba kowace maƙetara ta layin Dosso ce za ta ci wannan jarrabawa ba, tun da daminu sun riga sun taɓa layin a wurare. Wadda ta faɗi a bar ta, wadda ta ci a ba ta aiki.

Akwai masu cewa mayar da dogo hanyar keke tamkar sallama ce da jirgi, wato ƙasa ta yarda ta yi asara ta haƙura. Wannan magana tana da nauyi, bai kamata a yi mata dariya ba. Ƙasar da ba ta da teku, wadda siminti da taki da shinkafarta ke zuwa bisa taya daga nisan kilomita dubu, tana da hakkin ta ci gaba da sa rai ga jirgi. Amma an riga an sami maganin wannan tsoro. A 1983 Amurka ta yi doka wadda ta ba da izinin a ba wa gari ko jiha aron layin da jirgi ya bari, su mai da shi hanyar ƙafa, bisa sharaɗin cewa filin yana nan a matsayin na jirgi, ranar da aka bukace shi a mayar. A Faransa ma hukumar da ke mallakar dogo takan riƙe mallakarta, ta damƙa wa ƙananan hukumomi kula da layin da aka rufe bisa yarjejeniya. Hikimar abin ita ce hanyar da ake bi kullum ba ta ɓacewa. Layin da aka bari ba kowa, manomi yakan ƙara kunya ɗaya a cikinsa bana, ya ƙara biyu baɗi, wani ya kafa rumfa, wani ya yi gini, masu gwangwan su bi dare su kwance abin da ke kwantuwa. Ranar da jirgi ya tashi dawowa sai a tarar dole a sake biyan diyya kan filin da aka riga aka biya. Mai keke ba kishiyar jirgi ba ne, mai gadinsa ne wanda ba a biyan sa albashi.

Damina ta 2024 ta nuna abin da maƙetara ta biyu ke nufi. A watan Agusta na shekarar ruwa ya yanke hanya ta 1 a Sorey, bakin Yamai, motoci suka yi layi ta kowane gefe, matafiya daga Dosso da Dogon Dutsi da Maraɗi suka koma ƙetarawa cikin jiragen ruwa da kayansu a ka. A faɗin ƙasa mutum fiye da 300 suka rasu a ambaliyar shekarar, aka ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba. Hanya ɗaya tak da gada ɗaya tak a kan kowane ruwa, wannan shi ne halin da ake ciki a wurare da yawa, kuma ranar da ta yanke ba sauran dabara.

To, a dawo Arewa. Wanda bai san ƙasar ba yakan ce ai babu kogi, me za a yi da gada? Gaskiya ne babu kogi mai gudu rani da damina. Akwai Dallol Mawri, tsohon kwarin da ya gangaro daga arewa ya bi ta Matankari da Dogon Dutsi da Kiyeshe ya wuce ƙasar Tibiri da Geceme, har ya haɗu da Dallol Foga ya faɗa Kwara ƙasa da Gaya. Gefe da gefensa tudu ne da duwatsu da faƙo wanda ba ya shan ruwa. In hadari ya zuba tsakanin Yuni da Satumba, ruwan ba ya tsayawa inda ya faɗi, yakan gangaro gaba ɗaya ta cikin gebe ya nufi fadama da tafkuna, irin Tapkin Sau na Dogon Dutsi. Geben da yara suka yi wasa a cikinsa da safe yana iya kai wa babba ƙirji da azahar, ja wur, yana ɗauke da itace da ƙaya, zuwa magariba kuma ya janye ya bar laka. Ruwan sa'a uku ne ko huɗu. Saboda gajartarsa ne ma ba a ɗauke shi da muhimmanci a ofis: ma'aikacin da aka aiko ya duba yakan iso bayan kwana biyu, ya tarar da rairayi busasshe, ya rubuta cewa hanya lafiya lau.

Amma sa'o'in nan uku ba kowa ke iya jiran su ba. Mace mai naƙuda da aka ɗora bisa amalanke za a kai gidan haihuwa ba ta jira. Yaron da zazzaɓin damina ya kama har yana suma ba ya jira, kuma watannin ruwa su ne watannin zazzaɓin. Manomin da gonarsa ke ƙetare, hadari ya same shi can da iyalinsa, ko dai ya kwana a daji ko ya riƙe hannun yara ya shiga. Za a ce ai lakwal tana hutu a tsakiyar damina, haka ne, amma jarrabawar ƙarshen shekara takan faɗo ne daidai lokacin da ruwa ya fara sauka, ɗan kwalejin da ke zuwa daga ƙauye bisa keke kuma ba a sake masa rana. Likita ba ta hutu, kasuwa ba ta hutu. Mai wake da mai gyaɗa da mai rogo da ya rasa ranar kasuwa ya rasa mako guda. Kowane gari a Arewa ya san gebensa da sunansa, ya san kuma wanda ya taɓa ci.

Yaya gadar jirgi za ta amfani ƙasar da ba ta da dogo? Gadar ƙarfe ba dutse ba ce, ana kwance ta. A 1904 Lugga ya sa aka kafa wata ƙaramar gadar ƙarfe ta masu ƙafa a Zungeru. Da aka mayar da hedikwata Kaduna, daga baya aka kwance ta aka kai ta can aka sake ɗaurawa, aka kuma sa ta cikin kayan tarihi na Najeriya a 1956. Abin da aka yi da kayan aikin wancan zamani ba zai gagari na yau ba. In hukuma ta yanke cewa wani yanki na layin Dosso ba zai tashi ba, ko kuma za a sake shi da dogo mai faɗi irin wanda ake yi yanzu a maƙwabta, to ƙarfen da za a cire kada ya tafi ga mai awo da kilo. Ƙarfen dogo ba a ƙera shi don ya zama ƙashin gada ba, ba ya ɗaukar dogon zango shi kaɗai, kuma duk maƙerin da ya ce zai ɗora shi bisa faɗin mita ashirin ba ginshiƙi a tsakiya, a hana shi. Amma ga gajeren zango, ga turaku, ga makarai, ga ƙarfafa bakin gebe, kaya ne mai kyau wanda ba a samun irinsa a kasuwar Dutsi. Layi mai kilomita 140 yana da ƙarfe kilomita 280. Kaɗan daga ciki ya ishi maƙetara da yawa.

A nan ma akwai tarko. Gebe ba ya zama wuri ɗaya. In an kafa masa gada ba a kula da samansa ba, bayan damina biyu sai ya kewaye ta ya buɗe sabuwar hanya, a bar gada tsaye bisa busasshiyar ƙasa, ta zama irin ta Louisville. Don haka aikin yana farawa ne daga kan tudu, da jera duwatsu, da rabin-wata, da ragar waya cike da dutse, don a karya gudun ruwan tun bai taru ba. Wannan kuwa aiki ne da mutanen Dutsi suka riga suka sani, sun yi shi a gangaren da ke bisa garinsu. Wani wurin ma ba gada ake bukata ba, daɓen siminti ne a ƙasan gebe da turaku masu nuna zurfin ruwa. Injiniya ne zai ce ga wanda ya dace, bayan ya saurari tsofaffin gari.

Sai kuma dogon da ba a gina ba tukuna, wanda shi ne ya fi sauƙin gyara tun da yana kan takarda. A watan Fabrairu na 2021 Najeriya ta aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Daura da Katsina da Jibiya. In wata rana aka ce za a haɗa Maraɗi da Dosso, da wuya dogon ya kauce wa Ƙonni da Dogon Dutsi da Kore Mairuwa, don nan hanya take, kuma dole ya ratsa Dallol Mawri. Ranar da za a zana gadojinsa, a sa musu baranda ta masu ƙafa da keke a gefe, da shinge tsakaninta da jirgi. Ba sabon abu ba ne. Gadar Makurɗi ta 1932 bisa kogin Binuwai an yi ta ne jirgi da mota su yi tarayya a kanta. A Memphis ta Amurka an buɗe hanyar ƙafa da keke a 2016 a jikin gadar Harahan, jirgi yana wucewa mutane suna wucewa. Ƙarin kuɗin baranda lokacin gini ɗan kaɗan ne a kan kuɗin gada. In ba a yi ta ba, mutane za su hau gadar duk da haka, domin ba wanda zai ga tudu busasshe ya shiga ruwa, sai dai za su hau ta ne suna tsallake gibi, kunne yana sauraren jirgi.

Abin da ya fi kashe irin waɗannan ayyuka a ƙasar nan ba rashin kuɗin gini ba ne, rashin mai shi ne. An sha ganin famfo da fitila da makari da aka ƙaddamar da kiɗa, bayan shekara biyu ba wanda ya san ofishin da zai sayi ƙusa ɗaya. Gadar da aka karɓo daga jirgi ta fi kowace shiga wannan hatsari, don ma'aikatar sufuri za ta ce ta ba da ita, ma'aikatar ayyuka ta ce ba hanyar mota ba ce, ƙaramar hukuma ta ce ba ta cikin kasafinta. Tun ranar farko a rubuta a takarda wa ke da ita, wa ke shafa mata fenti, wa ke duba gindinta bayan kowace damina, daga wane aljihu. Wani kaso na harajin kasuwar da gadar ke kai wa jama'a ya fi dacewa da a ce a tsayar da mutum yana karɓar dala-dala a hannun masu ƙafa, domin ranar da aka sa kuɗin ƙetarawa, matar da ba ta da shi za ta koma cikin ruwa. A zamanin Samariya matasan unguwa ne ke fita gayya su share magudana su cike rami. Sunan ya wuce, amma gayya ba ta mutu a Arewa ba, kuma garin da ya ɗebo dutse da kansa ba ya barin ɓarawo ya kwance makari. Maganar ƴan kabu-kabu da garken shanu ita ma a yanke ta tun da wuri, gari da gari: babur ya bi a hankali ko ya sauka ya tura, garke kuma ya jira ruwa ya janye, don shanu hamsin da suka firgita a tsakiyar gada sun fi ƙarfin kowane makari.

Matakin farko ba ya bukatar rance daga waje. Ma'aikatar da ke kula da dogo ta aika injiniyoyi su bi layin Yamai zuwa Dosso su ƙidaya maƙetaransa, su ware masu lafiya da waɗanda ke kusa da gari ko kasuwa. Ƙananan hukumomi goma na gundumomin nan biyu, wato Dogon Dutsi, Matankari, Kiyeshe, Ɗankasari, Dogon Kiriya da Sukukutan, da kuma Tibiri, Dumega, Geceme da Kore Mairuwa, kowace ta rubuta gebe uku da suka fi tsare mata jama'a, da faɗin kowane, da garuruwan da ke bayansa, da nisansa daga likita. Awon a yi shi a watan Agusta, lokacin da alamar laka ke nan jikin itatuwa tana nuna inda ruwa ya kai, ginin kuma a bar shi sai bayan girbi, lokacin da hannu ya samu kuma gindin gebe ya bushe.